"Kina Shan Wani Magani?": Tambayar da Ta Jefa 'Yata Cikin Haɗari

Zuwa ga Likita, Shugaban asibitin da nake karɓar magani,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da ma'aikatanka, da fatan aiki yana tafiya lafiya.

Ranka ya daɗe, ba zan ambaci sunan asibitinka ba, ba kuma zan ambaci nawa ba. Kai za ka gane kanka idan ka karanta, ni kuwa ina da 'ya'yan da za su yi aure a ƙasar nan. Abin da ya isa a sani shi ne, ni malamar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Funtua da Bakori, maigidana manomin masara ne, mu biyun muna ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma shekara shida ke nan ina hawa babur ina zuwa wurinku karɓar ƙwaya. Na nemi ganinka sau biyu, duka biyun aka ce kana taro. Shi ya sa na rubuta a fili. Ina cikin fushi, kuma ba zan ɓoye maka ba, domin akwai jaririya a cinyata da ban san ko ta tsira ko ba ta tsira ba.

Na farko. A shekara shidan nan ban taɓa tsallake rana ba. Ƙwaya ɗaya, kullum, da na sallame sallar asuba, kafin in sa komai a ciki. Na sha ta a gona lokacin girbi, na sha ta a gidan makoki a bayan rumbu, da azumi na mayar da ita lokacin sahur bisa shawararku. Duk gwajin da kuka yi mini, cewa kuke ƙwayar cutar ta kwanta, ba a ma ganinta a jini. Katina yana hannunku, a ɗauko a duba.

Na biyu. Da na samu ciki sai na fara zuwa awo, a asibitinku, ƙofa biyu kacal daga ɗakin da nake karɓar maganina. Can aka ba ni jar ƙwaya ta ƙarin jini da farar ƙwaya ta ƙarin ƙarfin ƙashi, aka ce kullum ɗaiɗai. Ba a ce da safe ba, ba a ce da rana ba, ba a ce a raba su da komai ba. Masu awon sun san abin da nake ɗauke da shi, yana rubuce a katin da suke riƙe da shi. Ni kuma mace ce mai tsoron mantuwa, sai na haɗa su duka uku a tafin hannu ina afawa da asuba, cikina ba komai. Har daɗi nake ji wai na iya tsari.

Da cikin ya kai wata huɗu sai ƙwannafi ya tasa ni gaba. Na sayi farin ruwan nan mai kauri a kemis, wanda kowa ke sha, ina kurɓa da zarar na tashi. Ga kuma kwaɗayin farar ƙasa, wadda ko a jakar makaranta ba na rabuwa da ita. Wace mai ciki ce a yankin nan ba ta san farar ƙasa ba? A faranti ake tallarta a bakin ƙofar asibitinka.

Na uku, kuma nan ne bakin zaren. Duk zuwan da na yi karɓar ƙwaya, Sistar da ke kan tebur takan tambaye ni, kanta a sunkuye tana rubutu: "Kina shan wani magani?" Ni kuma in ce a'a, sai naku. Ranka ya daɗe, ka fito ka tambayi duk matar da ke zaune a bencin nan me ta fahimta da "wani magani" a bakin ma'aikacin asibiti. Za ta ce maka maganin Hausa ake nufi: sassaƙe, jiƙo, tsimi, garin da ake sayarwa a mota da lasifika ranar kasuwar Bakori. Kuma ku ne kuka koya mana hakan, domin shi kaɗai kuke yi mana faɗa a kansa. Ni ban taɓa shan ko ɗaya ba, saboda haka gaskiya na faɗa. Jar ƙwaya da fara naku ne, daga hannunku suka fito. Farar ƙasa ba wanda ke kiranta magani, kwaɗayi ce. Ruwan ƙwannafi kuwa na yarda magani ne, kuma ban faɗa ba, wannan na ɗauki rabona na laifi. Amma ko a mafarki ban zaci da shi ake ba. Wata uku ana yi mini tambaya ɗaya, ina ba da amsa ɗaya, ana sa alama a takarda, kowa ya tashi yana ganin ya yi aikinsa.

Na huɗu. A wata na bakwai aka ɗebi jinina, sakamako ya fito cewa ƙwayar cutar ta farka ta hau. Ban san yadda ake koya wa ma'aikatanku isar da irin wannan labari ba. Ni dai ga yadda ya iso mini. Sista ta ɗaga murya, ƙofa a buɗe, benci cike da mutane, ta ce: "Malama guda da ke, ba kya sha! In ba kya tausayin kanki, ki tausaya wa abin da ke cikinki." Na rantse mata. Ta ce in kawo kwalbar. Na ciro ta daga jaka, ta zazzage a tebur ta ƙirga, ta samu daidai, ko ɗaya ba ta yi rara ba. Maimakon ta tsaya ta ce to me ke faruwa, sai ta ce ai ta san irinmu, zubarwa muke yi a masai kafin mu zo. Wallahi ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba. Na fito ina kuka, mai babur ɗin da ya ɗauko ni har tambayata yake ko rasuwa aka yi.

Maganar ta bi ni har gida. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma ya yarda da asibiti fiye da yadda ya yarda da idonsa. Ya ce likitoci ba za su yi mini ƙarya ba. Daga ranar ya koma tsayawa a kaina da asuba, sai ya ga na haɗiye, har ya ce in buɗe baki. Kuma ka san abin takaicin? A gabansa nake afa ƙwayoyin nan uku tare, in bi da ruwan ƙwannafi, yana gyaɗa kai wai yanzu ne ake shan magani yadda ya kamata. Sau biyu kuma kuka kira ni zaman nasiha, aka zaunar da ni ana yi mini bayanin amfanin shan magani a kan lokaci, ni da na shekara shida ina yi.

Na biyar. Ba a asibitinka aka gano matsalar ba. Na je Malumfashi duba mahaifiyata, sai maƙwabciyarta Mama Rifkatu, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ta same ni a tsakar gida ina ɓantarar farar ƙasa. Ta san ni tun ina yarinya, ta ga na rame, ta ja ni ɗakinta. Na fashe da kuka na gaya mata komai. Ba ta tambaye ni ko ina shan wani magani ba. Cewa ta yi: "'Yata, lissafa mini duk abin da ke shiga bakinki daga asuba har ki kwanta, ko gishiri ne." Ban kai ƙarshen asubar ba ta dafe kai.

Ta yi mini bayani da Hausar da ko kakata za ta gane. Irin ƙwayar da nake sha, idan ta haɗu a ciki da maganin ƙarin jini, ko na ƙashi, ko farin ruwan ƙwannafi, sai su riƙe ta, kaɗan ne zai shiga jini, sauran ya wuce. Farar ƙasa ma ta ce ba ta yarda da ita ba, in bar ta. Ta ce kada in kuskura in daina maganina, kada kuma in daina na ƙarin jini domin mai ciki tana bukatarsa. Raba su kawai ake yi: a sha na cutar aƙalla awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Sannan ta ce in koma asibiti a tabbatar mini, kada in tsaya a kan maganarta ita kaɗai.

Na koma, na samu mai ba da magani a tagarsa, na maimaita masa. Ya ce ƙwarai haka ne, har ya ƙara da cewa na ƙarin jini da na ƙashi ana iya haɗa su da na cutar idan da abinci za a sha. Sai ya rufe da cewa: "Ai duk yana cikin takardar da ke cikin kwali." Wace takarda? A shekara shida ban taɓa riƙe kwalin maganin nan ba. A teburinku ake ɓare shi a jefa a kwandon shara, a miƙo mana kwalba tsirara, wai don rufin asiri. Na gode da rufin asirin, amma kun haɗa da ilimin kun zubar. Ni da nake iya karanta Turanci ban gani ba, ina ga matar da ta taso daga ƙauyen Danja ba ta taɓa shiga aji ba? Na tambaye shi kanwa fa, wadda mata ke jiƙawa su sha don ƙwannafi? Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Na raba su kamar yadda aka ce. Kafin in haihu aka sake gwaji, ƙwayar cutar ta koma ta kwanta. Ba wanda ya kira ni ya ce Malama yi haƙuri. Sistar ta ce, "Kin gani, da kika fara sha." Laifi tudu ne, na sani, amma ban taɓa ganin wanda ya hau nasa ya yi shimfiɗa kamar ma'aikatanka ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma nake roƙo ba.

A canza tambayar nan. A daina cewa "wani magani". A kira abubuwa da sunansu: na ƙarin jini, na ƙashi, na ƙwannafi, na gyambon ciki, farar ƙasa, kanwa, duk abin da aka saya a kemis. Kuma mai tambayar ta ɗago kai ta dubi wadda take tambaya.

Ɗakin awo da ɗakin karɓar ƙwaya su riƙa magana da juna. Duk mai cikin da ke kan maganin nan, a gaya mata lokacin shan kowace ƙwaya tun ranar da aka miƙa mata. Na tabbata yanzu haka akwai mata a bencin nan da ke afa su tare da asuba kamar yadda na yi, a nemo su tun kafin jininsu ya faɗa muku.

A rubuta bayanin da Hausa, boko da ajami, a 'yar takarda marar sunan cuta, wadda mace za ta iya sakawa a jaka ba tare da fargaba ba.

Idan gwaji ya hau, a rufe ƙofa, a yi bincike kafin a yi zargi. Kuma ina so wadda ta ce ina zubarwa a masai ta janye maganarta a gaban maigidana. Ban nemi a kore ta ba, ita ma tana da iyali.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya kare zuriyarka daga abin da ya same mu.

'Yata tana da wata ɗaya da kwana huɗu. Kullum ina ɗiga mata ruwan maganin kariyar da kuka ba ta, kuma wannan karon sai da na tambayi komai kafin in karɓa. Nan da kwana kaɗan za a tsaga diddigenta a ɗebi jini, a duba ko cutar ta kai gare ta a watannin nan da maganina bai yi aiki ba. Idan ta fito lafiya, Allah ne ya tsare ta, shi zan gode wa. Idan kuwa ba haka ba, ranka ya daɗe, zan goyo ta in zo ofishinka, in zauna a ƙofa har a tashi daga taron, ka dube ta da idonka ka gaya mini ranar da uwarta ta ƙi shan magani.

Wassalam.

Daga wata malamar firamare,
mai karɓar magani a asibitinka.