A Bar Mana Kajijin Gefen Gabas

Zuwa ga Mai girma Dagacin garinmu,

Assalamu alaikum, Baba, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Ni ko a hanya na durƙusa gaishe ka muryata ɗaukewa take, shi ya sa na rubuto.

Ranar Asabar masu gayyar tsabtace gari suka sare kajijin yammacin tafkinmu, suka tone saiwar, suka cinna wuta, wai ciyawar sauro ce. An yi shela Asabar mai zuwa sai gefen gabas. Ga dalilan da suka sa nake roƙon a bar shi.

Na ɗaya, kajiji ba ko'ina yake fitowa ba. Sai laka mai danƙo, inda ruwa ke kwanciya zuwa idon sawu, rana kuma na bugawa. Kakata Inna ta taɓa dasa shi a wurin alwalarmu, bai yi wata ba ya bushe.

Na biyu, matan garin nan sun daɗe suna tonarsa don turare, bai ƙare ba. Inna ba ta taɓa shi sai ruwa ya janye bayan kaka, kuma in ta tone gindi uku sai ta tsallake na huɗu. Masu gayya ba su tsallake ko ɗaya ba.

Na uku, ba mu kaɗai ke da shi ba. Gaskiya, Baba, in an tashi Islamiyya nakan raɓe gindin giginyar nan ta bakin tafki da littafin soyayya a cikin hijabi, sai karatun ya koma kallo. 'Yan kifi da talibambam suna ɓuya tsakanin karansa, kifin nan kuwa tsutsar sauro yake ci. Zalɓe na tsayawa kamar mai jiran saƙo. Ranar Lahadi na tarar da sheƙar kirinjijiya, agwagwar dajin nan mai fito, a cikin toka. Ƙwan duk sun fashe. Malaminmu kullum yana cewa Shari'a ta ba dabba ma hakki; ranar na gane.

Roƙona a kwashe ledoji da gwangwanaye, nan sauro yake, a bar kajijin gabas. A tambayi Inna, za ta nuna iyakarsa.

Akwai wata kirinjijiya a can gabas, tana kwance kan ƙwanta. Jiya na leƙa, ta dube ni ba ta tashi ba. Ita ba ta ji shelar ba, Baba, kai ka ji.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Wassalam, 'yarka,
Hafsatu jikar Inna