Bargon Mama a Kan Kwamfuta

Juma'a, da dare

Barci ya ƙi zuwa. Da safe na bar kwamfuta a kunne tana kwashe waƙoƙin coci da marigayi Baba ya rera zuwa filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka mata, na tafi aiki. Da rana aka sheƙa ruwa, gari ya ɗau sanyi, sai Mama ta ɗauko bargo ta lulluɓe ta ruf, yadda take yi wa rediyon Baba don kada danshi ya shige shi.

Na dawo na tarar ɗakin yana ƙaurin roba. Na yaye bargon, na taɓa ƙarfen, sai da na janye hannu. Fankar ciki ta tsaya, allon ya yi baƙi, wani abu yana ta ƙas-ƙas a ciki.

Na sa ta a keke har Titin Bauchi wurin Oga Sule mai gyara. Ya kara kunnensa, ya ce, "Sista, had-dis ne, inda take ajiye komai. Ya sha zafi. Ki bar min ita zuwa Litinin, amma ban yi miki alkawari ba." Ya duba filash ɗin, wayam. Muryar Baba ba ta ko'ina sai cikin abin nan mai ƙas-ƙas.

Ban gaya wa Mama ba. Ɗazu ta leƙo tana ninke bargon, ta ce, "Ladi, gara da na rufe miki ita, da danshi ya lalata ta. Ran Lahadi in mun taso coci ki kunna mana Babanki."

Na ce to, Mama.