Guɗar da Mma Ta Yi a Zaurenku

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Makon Al'adu na Jami'a,
ta hannun Mai Girma Shugaban Jami'a,
Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka, ina neman izini in faɗi abin da ke cina a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a aka yi mana shi. Na yi sintiri zuwa ofishinka har masu gadi suka san babur ɗina, kullum amsar ɗaya ce, wai ka shiga taro. To, ga takarda, ita ba a hana ta shiga.

Sunana Ramatu, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kanvili. Ni ce 'yar Mma Azumi mai koko ta Choggu. Na san sunan ba zai tuna maka da kowa ba. Amma in na ce tsohuwar nan da ta miƙe tana guɗa a tsakiyar lacca, ranar Alhamis ɗin makon al'adunku, za ka gane ta. Kana kan teburin manya a lokacin, kuma na ga sa'ad da ka sa hankici ka rufe bakinka.

Na farko, yadda aka shigo gidanmu.

Kafin azumi wasu ɗalibanku suka yi mana sallama. Wadda ta jagorance su sunanta Fuseina, yarinya mai hankali, tana jin Hausa. Suka durƙusa suka gaida Mma, suka ce jami'a na tattara labarin abincin gargajiya, kuma an gaya musu in koko ake nema a Choggu, nan ne gidansa. Mma ta rasa inda za ta sa su don murna. Ta nuna musu yadda take jiƙa gero, da yadda take haɗa citta da kanumfari da barkono kafin a kai niƙa, da yadda take tace gasara. Ta ba su labarin uwarta da ta zo da sana'ar daga arewa. Ta cika musu ciki, ta ƙulla musu ƙosai a leda. Suka ɗauki hotuna yadda ransu ke so. Ba wanda ya ce mata ga abin da za a yi da su, ita kuma ba ta tambaya ba, domin a wurinmu ba a yi wa baƙon da ya durƙusa tambayar 'yan sanda.

Na biyu, gayyatar.

Bayan Sallah Fuseina ta dawo da albishir. Wai wani Dokta zai yi lacca a makon al'adu, za a nuna hoton Mma, kuma tana cikin manyan baƙi. Na yarda yarinyar ba ta san abin da ke cikin laccar ba, saƙo aka ba ta ta kawo.

Ranka ya daɗe, a unguwarmu in aka ce za a karrama mace, ba ita kaɗai take zuwa ba. Mma ta kai maganar wurin Magajiya, shugabar matan unguwa. Aka fitar da anko, shuɗi da fari. Tsofaffin da ko masallaci sai an riƙe su suka ce ba za a bar su a baya ba. Matan da a bakin ƙofar jami'a kawai suka taɓa tsayawa, su ma da tire a ka, suka ce yau za su shiga ciki su zauna a kujera. Mma ta dama koko cike da babbar kula, ta soya ƙosai, ta ce ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Ma'aikatanku suka karɓi kular a ƙofa da fara'a, suka shigar da ita ɗakin da aka ajiye wa manya abin taɓawa.

Na uku, abin da ya faru a zauren.

An fara da kyau, ba zan ɓoye ba. Makaɗan Dagomba suka yi kiɗa, ɗalibai suka yi rawa da manyan rigunan saƙi. Aka jera iyayenmu a layin gaba, masu kyamara suna ta kaiwa da komowa a kansu, domin ankon ya yi kyau a hoto. Daga nan Dokta ya hau, ya kama Turanci, bai sauka ba har ya gama. Babu tafinta, ba na Hausa ba, ba na Dagbanci ba. A duk layin nan na gaba, ni kaɗai nake bin abin da yake faɗa.

Ashe laccar ba ta tarihin abinci ba ce, ta haɗarin abincin bakin titi ce. Ina zaune sai ga uwata a allo, girmanta ya cika bango. Hannunta cikin gasara har gwiwar hannu, jarkokin ruwa a bayanta, kwatar titi a gefe. An zagaye hannun da jan layi. A sama an rubuta, da manyan baƙaƙe, cewa wannan misali ne na abin da ya kamata a guje wa. Dokta ya ɗora ɗan jan haskensa a kan hannun da ya raine ni, ya ce ta irin wannan hanya taifot da kwalara ke shiga gari.

Mma ba ta ga jan layi ba, fuskarta ta gani. Ta dafa ni ta ce, "Ramatu, duba! Ni ne paa, wallahi ni ne!" Sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Su Magajiya suka amsa, suka hau tafi. Na kama zanenta ina ja, ta buge hannuna ta ce, "Bar ni, yau ranan mu ne." Zauren ya kece da dariya. Ita ta ɗauka taya ta murna ake yi, ta juya tana ɗaga wa ɗalibai hannu. Dokta ya jira har ta zauna, ya yi murmushi, ya ce ga shi ma tana alfahari da abinta. Aka sake fashewa, wayoyi duk a sama. Fuseina ta rufe fuska ta fice. A teburin manya, cikin masu digiri da masu furfura, ba a samu mutum ɗaya da ya ɗaga hannu ya ce a dakata ba.

Na ji kunya, na ji baƙin ciki.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Kafin mu isa gida bidiyon ya riga mu. An haɗa hoton hannun da guɗar, an sa masa kiɗa. Yaran unguwa suka koyi yin guɗa in Mma ta wuce. Masu babur da ke layi a wurinta da safe suka fara wucewa suna kallon wani gefe. Iyaye suka daina aiko da kwano. Kokon da ba ya ganin hantsi ya koma kaiwa azahar, sai dai a raba wa maƙwabta.

Ran nan ta zaunar da ni ta ce, "Ramatu, gaya mini gaskiya. Mi mutumin nan ya ce?" Aikin da kuka ƙi ɗaukar tafinta ya yi, ni na yi shi, a tsakar gidanmu, ina kallon idon uwata. Na fassara mata kalma bayan kalma. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Kuma na yi guɗa?" Na ce kin yi, Mma. Ta ce, "Su Magajiya ma?" Na ce su ma.

Wannan ne ya karya ta, ba rashin ciniki ba. Cewa ita ta ɗebi tsofaffin unguwa, ta sa su ɗinkin anko, ta kai su inda za a yi musu dariya. Washegari ta bi su gida gida tana ba su haƙuri. Ita ce ke ba da haƙuri, ranka ya daɗe, ita da aka yi wa laifin! Tun daga ranar tukunyarta a kife take. Matar da ba ta taɓa fashin sana'a ba sai ranar Sallah da ranar rasuwar mahaifinmu, yanzu ko bikin suna ba ta zuwa.

Kada a ce ina faɗa da ilimi. Ni da kaina nake koya wa yara wanke hannu. Amma jarkokin da aka nuna a bayanta, wane gida ne a garin nan babu su, har da gidajen malamanku? Kwatar titin ita ta haƙa? Dokta ya taɓa taka ƙofar gidanmu, ko ya auna ruwanta? In akwai gyara a aikinta, da an zo an gaya mata da harshen da take ji, da ta gyara, ta yi godiya, ta ƙara da ƙosai. Abin da na fahimta da makon al'adunku shi ne, kuna son gangunanmu da rigunanmu da tsofaffinmu a layin gaba, amma ba ku damu kunnensu ya ji abin da ake faɗa a kansu ba.

Ga abin da nake roƙo. A cire hoton uwata daga laccar da duk inda jami'a ta sa shi. Dokta ya zo Choggu da kansa, ba saƙo ba, ya tsaya inda take ajiye tukunyarta, a gaban Magajiya da matan da suka yi ankon, ya ba da haƙuri da Hausa ko da Dagbanci. In bai iya ba, ya zo da tafinta, tunda yanzu kun san amfaninsa. Kuma daga yau duk wanda za ku gayyato daga cikin gari, a gaya masa gaskiyar abin da za a faɗa kafin ya ɗinka kaya. Fuseina kuma kada a ɗora mata laifin manya, Mma har yanzu tana tambayar ko ta ci jarrabawarta.

Saura abu ɗaya. Bayan an tashi a ranar laccar, ni na shiga ɗakin manya ɗauko kularmu. Na same ta wayam, ko ɗigo babu. Na ga Dokta a tsaye da kofi a hannu ɗaya, ƙosai a ɗayan, yana hira da kai. Da na gaya wa Mma, na zaci za ta yi dariya ko ta yi tsaki. Ba ta yi ko ɗaya ba, hankalinta ne ya tashi. Ta ce lallai in na rubuto in tambaye ku, kuma ba da gatse take tambaya ba: cikin waɗanda suka sha kokonta a ranar, akwai wanda cikinsa ya ɓaci? Ta ce in akwai a gaya mata gidansa, za ta je ta duba shi.

Tana jiran amsa, ranka ya daɗe.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare mahaifiyarka daga ranar da za ta yi guɗa ana yi mata dariya.

Wassalam.

Ramatu, 'yar Mma Azumi mai koko,
Choggu, Tamale.