Kabad ɗin Inna

Yaya,

Na fita kina barci, lodi na jirana. Gaskiyar magana kuma, ba zan iya haɗa ido da ke ba.

Kabad ɗin marigayiya Inna da kika ce in ɗauko miki jiya ya iso, amma ba yadda kika san shi ba. Yana bayan ƙofa, na rufa masa tamfol.

Bai faɗo daga mota ba, kada ki zargi hanya. Ni na yi. Na ɗaure shi da bel biyu masu ƙarfen tamkewa, na jijjiga shi, ko motsi bai yi ba. Kawu na tsaye yana cewa, "Ya isa haka, katakon ya tsufa." Na ce masa ni ne direba. Tsoron kada ya zame a kwana ya sa na ƙara danna ƙarfen sau uku. A na ukun na ji ƙas! Gefen ya burma, madubin ya tsage daga sama har ƙasa.

Kafinta ya duba, kai kawai ya girgiza.

Kada ki bar yara su ɗaga tamfol ɗin, akwai fasasshen gilashi. Ke ma ki sa takalmi.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaure kayan mutanen da ban sani ba, ko kofi ban taɓa fasa musu ba. Abu ɗaya da Inna ta bar mana, shi na murƙushe da hannuna.

Ki yafe min in kin iya. Ni dai na kasa yafe wa kaina.

Ƙaninki