Katakan Sulun Ƙanƙara

Talata, bayan isha'i

Ɗana Habibu ya kira ni ta bidiyo daga ƙasar waje, ina rumfa a mahautar Trans-Amadi. Na ɗauka ranar dawowa zai faɗa, tunda karatu ya ƙare. Sai ya ɗaga wasu dogayen katakai biyu masu lanƙwasasshen baki, wai da su ake sulu a kan ƙanƙara daga saman dutse.

"Baba, waɗannan ba sa zaɓen ƙanƙara. Mai laushi kamar gari, mai tauri, wadda ta fara narkewa, duk suna bi."

Na ce ni ƙanƙara ɗaya na sani, wadda muke fasawa kan nama in an ɗauke wuta. Sale mahauci ya leƙo ya ce, "Alhaji, ya turo mana mu yi benci." Aka yi dariya, ni ma na taya.

Na tambaya ko jirgi zai ɗauke su.

"Ai ba su da amfani a gida, Baba. Kuma suna shekaru ba su lalace ba."

Na ce Allah ya sa albarka.

Na ci tuwo, ban ji gishirinsa ba. Hajiya ta tambaya yaushe zai dawo. Na ce yana gaishe ta.