Kalma Ɗaya da Ta Rage a Bakin Inna

Goggo Rauda, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don na rasa wanda zan faɗa wa. Maganar koyon yare ce ta sa na ɗauki biro, amma kafin ki kai ƙarshe za ki gane ba ita kaɗai ke damuna ba.

Ni malamin makaranta ne a Kankia, Turanci nake koyarwa a ƙaramar sakandare, shekarata arba'in da ɗaya. Ina da wata ɗabi'a da matata Fiddausi ta daɗe tana yi mini dariya a kai. Duk sabuwar shekara sai na sayi sabon littafin rubutu na jera abubuwan da zan gyara a rayuwata. Sau biyu ma nake yi, a Janairu da kuma Muharram, ita kuwa cewa take na samo dabarar karya alkawari sau biyu a shekara. Ba ta yi mini ƙarya ba. Na taɓa ɗaukar Larabci, na tsaya a darasi na shida. Na ɗauki Faransanci saboda wani abokina na Maraɗi, har yau gaisuwa kaɗai na iya. Bana abu huɗu na rubuta: in karanta littafi goma sha biyu, in riƙa zuwa makaranta a ƙafa maimakon mashin, in rage latsa waya, in kuma koyi Fillanci, kalma goma kullum. Ukun farko tuni suka bi sahun na bara. Na huɗun ne ba na so ya mutu, kuma shi ya fi ba ni wuya.

Za ki yi mamaki in na ce miki ni Bafulatani ne gaba da baya. A wata ruga kusa da Kaikai, ƙasar Kusada, aka haife ni, kuma ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka ba da ni ga baffana Mamuda, wanda ya bar kiwo ya zauna Kankia yana ɗinki, ya auri Bahaushiya. Allah Ya jiƙansa, ya riƙe ni riƙo na gaskiya, shi ya sa ni makaranta. Sai dai a gidansa ba a yin komai sai Hausa, na tashi ko ruwa ban iya roƙo da Fillanci ba. Ƙannena da suka girma a ruga har yau Kaɗo suke kirana, wato Bahaushe, ina dariya tare da su, amma abin yana sukata.

Innata kuwa, kin san kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na je hutu, ƙanwata Fadimatu take aikowa da ƙwaryar nono, a ce a kai wa baƙon nan. In ta kama dole ta yi mini magana, da Hausa take yi, a gajarce, idonta na kan wani abu daban: na zo lafiya, in ci abinci, in gai da mutanen gida. Na san al'ada ce. Na san kuma ƙwaryar da ake kawo mini ta fi ta kowa man shanu. Duk da haka, Goggo, tun ina yaro nake riƙe da wani abu a raina, ina ganin ta bayar da ni ne ba ta ko waiwaya ba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har Fiddausi.

Bayan girbin da ya wuce hawan jini ya kayar da Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Muka kwana goma sha biyu a asibiti a Katsina. Da bakinta ya fara buɗewa sai muka ga Hausar ta gudu gaba ɗaya, Fillanci kawai ke fita, shi ma da ƙyar. Likita ya ce hakan na faruwa, yaren da mutum ya koya daga baya ya ɓace, na goyo ya tsaya, kuma ba shi da tabbacin Hausar za ta dawo. Ranar na fita bayan ɗakin marasa lafiya na tsaya ni kaɗai. 'Yar maganar da ke tsakanina da ita da can ba ta da yawa, ga shi ita ma an ɗauke.

Dalilin da ya sa Fillanci ya shiga jerin bana ke nan. Na sayo wani littafin koyo, na shiga wani zauren koyon yare a waya, na cika shafuka. Yau kalma ɗari huɗu da 'yan kai ke cikin littafina, kowace da ma'anarta. Ranar da na fara gwadawa a ruga, na shirya gaisuwata tun daga Kankia ina maimaitawa a kan mashin. Ina faɗa Fadimatu ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce Fillancin mutanen Yola nake yi, kuma ko shi na murɗe masa wuya. Ƙanena Bube ya ce shanu ma ba za su gane ni ba. Ni da nake gyara wa yara Turanci da jan biro, sai ga ni ina neman inda zan sa kaina. Tun ranar ban ƙara tambayar ɗayansu komai ba, na koma wa littafina.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Duk Asabar nake zuwa duba Inna. Muddin akwai mutane a ɗakin ba ta ko kallona, kamar da. Amma da zarar Fadimatu ta fita ɗebo ruwa ko dama fura, muka rage mu biyu, sai ta juyo da kanta ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce afuwan. Bakin ya karkace, kalmar ba ta fita daidai, kamar “afo'am” take fitowa. Ta faɗa sau biyu, wani lokaci sau uku. Duk Hausar duniya ta ɓace mata, wannan ɗaya ce ta rage, kuma ni take faɗa wa.

Ranar farko na fahimci gafara take roƙona. Na ce mata ba ta yi mini komai ba, na yafe duniya da lahira. Sai ta juya fuskarta bango. Na ɗauka Hausar ce ba ta gane ba, na je na haddace yadda ake cewa na yafe miki da Fillanci, na dawo na faɗa. Ta dube ni jim, hawaye ya gangaro mata, ta sake juya bango. Asabar tara ke nan muna haka.

Zan faɗa miki gaskiyar da nake jin kunyarta. A ranar farkon nan, can ƙasan raina, na ji wani daɗi cewa ashe ta san ta yi mini ba daidai ba. Yanzu tsorona shi ne ko ta ga wannan a fuskata, shi ya sa ba ta yarda da yafiyata ba. Ba zan iya tambayar Fadimatu ba, don ba na so a ji cewa uwa na roƙon ɗanta gafara, tonon asirinta ne. Jikin kuwa ba ƙaruwa yake ba. Ina tsoron Allah Ya ɗauke ta tana ganin ban yafe ba.

Goggo, in ci gaba da littafin nan ko in haƙura kamar sauran? Akwai wata hanya ta gaggawa da mai shekara arba'in zai koyi yare? Kuma yaya zan yi ta yarda cewa na yafe?

Naki,
Kaɗon ruga, daga Kankia.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ce.

Bari in fara da 'yar tsokana. Ka ce ko ruwa ba ka iya roƙo da Fillanci, amma a wasiƙarka ka kira ni Goggo, ka kira mai riƙonka Baffa, ka kira mahaifiyarka Inna. Duka ukun daga bakin Fulani Hausawa suka aro su. Ashe tun kana yaro kake Fillanci ba ka sani ba.

Yanzu babbar maganar. Fillancina na sayen nono ne, don haka na je wurin wata dattijuwar maƙwabciyata Bafulatana, na ba ta labarin ba suna ba gari. Da na zo kan kalmar nan ta tsayar da ni, ta sa na maimaita ta yadda ka rubuta, ba yadda ka fassara ba. Na maimaita. Sai ta ce wannan ai ba Hausa ba ce. A Fillanci afo shi ne ɗan fari, am kuma nawa. Afo am, ɗan farina.

Ban ji da kunnena ba, kuma bakin mai shanyewar jiki yana iya rikita kowa, saboda haka ba zan rantse maka ba. Amma ka duba da kanka. Likita ya ce Hausar ta tafi, me zai sa kalma ɗaya tak ta tsira? Me ya sa sai ɗaki ya zama ku biyu take faɗa? Matar da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana kunyar sunanka, ciwo ya nuna mata lokaci na iya ƙurewa, ta nemo hanyar da za ta kira ka ba tare da ta kama sunan ba. A ganina kiranka take yi. Kai kuma duk Asabar kana amsa mata da cewa ka yafe, ka ga dole ta juya bango. Ita ta ce ɗana, ta ji ana yi mata maganar laifi.

Kada ka ɗauki wannan ka mayar da shi sandar dukan kanka. Kunnenka ya ji abin da zuciyarka ta daɗe tana jira ne, kuma ciwon yaron da aka bayar ciwo ne na gaske, ko da an bayar da shi cikin alheri. Daɗin nan da ka ji a ranar farko bai sa ka zama mugun ɗa ba. Sai dai ka duba ɓangarenta ita ma. Yarinya ce lokacin, ba lalle ne an nemi ra'ayinta ba, kuma a yadda aka rene ta, nuna son ɗan fari a fili abin kunya ne. Ba a bar mata baki ba, sai ta zuba maganarta a ƙwarya. Man shanun nan da ka ce ya fi na kowa, ba Fadimatu ce ke zubawa ba.

Maganar koyo kuwa, kada ka haƙura, amma ka sauya malami. Littafinka ba laifi ya yi ba, Fillancin wata ƙasa ya koya maka, kai kuwa na mutum ɗaya kake nema, kuma malamarsa na nan a ɗakin tana dama fura. Ka je ka sami Fadimatu ka ce ta koya maka. Za ta yi dariya, ka bar ta ta yi, yaran ajinka ma haka suke ji in ka ɗaga jan biro. Ka ajiye lissafin kalma goma kullum. Ka nemi abin da ɗakin mara lafiya ke bukata: ina ke ciwo, za ki sha ruwa, in gyara miki filo, na zo, zan dawo. Ta faɗa maka a waya ka ɗauki muryarta, ka riƙa saurare a hanyar makaranta. Ka ga tafiyar ƙafar nan ma ta samu dalilin dawowa. Masu tallar nono na Kankia kuma, ka riƙa gaishe su da abin da ka koya, za su gyara maka kyauta, har da ƙarin tsiya.

Hanyar gaggawa babu, ba zan ruɗe ka ba. Amma ba jarrabawa za ka zauna ba, jimla ashirin da aka faɗa da lafazin gida sun fi ɗari huɗun da ke kwance a takarda. Littattafai goma sha biyun nan su jira Muharram, Fiddausi ta samu abin dariya. Ku kula da maganin hawan jinin, ku riƙa mayar da ita ganin likita a kan lokaci, ku tambaye shi ko akwai motsa baki da za a riƙa yi mata. Wata Asabar ɗin ka ɗauki 'ya'yanka ku tafi tare, kada su ma su tashi ana kiransu baƙi.

In kana son tabbaci, tambayi Fadimatu ma'anar afo kawai, ba sai ka ce a ina ka ji ba, asirin Inna na nan a rufe. In kuma ta tabbata afuwan ɗin take cewa, ba ka yi asarar komai ba, ka riga ka yafe, sai ka riƙe hannunta ka zauna.

Asabar mai zuwa, in Fadimatu ta fita, Inna ta juyo ta faɗa, kada ka yafe mata komai. Ka matsa kusa ka ce na'am. Wannan ba ta bukatar littafi, Bahaushe da Bafulatani duk da ita suke amsa kiran uwa.

Allah Ya tashi kafaɗun Inna, Ya ba ku lokaci mai tsawo tare, Ya sa ta ji amsarka.

Goggo Rauda