Ƙafar gaba tana kuka, surukina bai ji ba

Malam Lirwanu, don Allah a agaza mini da shawara, wallahi na gaji.

Ni direba ne, ina jigilar fasinja daga Bukkuyum zuwa Gummi, wani lokaci Anka. Wata biyu ke nan ƙafar motata ta gaba, ta dama, tana wani gurnani kamar injin niƙa. In na karya sitiyari hagu sai ya ƙaru. Na san boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya cinye.

Matsalar ita ce makanikena surukina ne, Baba Mas'ud, mahaifin matata Naja'atu. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya ba ni 'yarsa. Shekara arba'in yana gane ciwon mota da kunne, to yanzu kunnen ya yi nauyi, kuma ba mai iya faɗa masa. Sau uku ina kai masa, mu zaga gari, ya ce lafiyarta ƙalau, hanya ce ba kyau. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, yaya zan ce Baba ba ka ji ba? In na kai wani gareji, kafin la'asar labari ya iske shi. Naja'atu ta ce kada in tozarta tsoho. Jiya da muka isa Gummi na taɓa wajen tayar, zafi rau. Mutum shida na ɗauko, har da mai ciki.

Direba mai nauyin baki, Bukkuyum

Ɗan'uwa, kunyarka tarbiyya ce, kuma Naja'atu ba ta yi laifi ba don ta kare mahaifinta. Amma ka ajiye motar nan daga yau. Boris da ya kai ga wannan zafi yana iya ƙamewa ko ya saki taya kana gudu.

Ka daina gwada kunnen Baba. Ka roƙe shi a ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sannan ya juya ta. Kunne ya tsufa, amma hannunsa bai manta aiki ba, da kansa zai gano. In irin boris ɗin nan ne mai haɗe da hob, wato mazaunin da ake ɗaure taya, cusa giris ba ya gyara shi, sai sabo. Bari shi ya zaɓa, shi ya ɗaura.

In ya ƙi, kai ta wani gareji ka jure fushinsa. Ka tuna wa Naja'atu cewa in tayar nan ta fita da mutane, duk Bukkuyum sun san wanda ya ce lafiyarta ƙalau.

Allah ya tsare hanya, ya ƙara wa Baba lafiya.